Ɗan Farin Inna da Rijiyar Gabas

Rabi, ke kika jawo wannan babin. Ran da kuka zo hutu ke da ƙannenki, na ji kina gaya musu wai kakarku Inna mace ce mai taurin zuciya, wai ɗanta ya mutu ko hawaye ba ta yi ba. Ban tanka miki ba a lokacin, don in na buɗe baki da zafi nake buɗe shi, kun san halina. Na kuma san inda kika ji. A garinmu kika ji, wajen tsofaffin da ba su da aiki sai tauna goro da tauna mutane. Abin da ba ki sani ba shi ne su ma daga bakina suka ɗauka. To bari in rubuta muku yadda aka yi. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko ta Illela, aka cire ni aka mai da ni gona, saboda haka kada wani ya nemi ado a cikin rubutuna.

Yayana Issufu ya girme ni da shekara biyar, shi ne ɗan farin Inna. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaga ɗan fari sama a gaban surukai kuna kiransa da sunansa na yanka, da wuya ku gane abin da zan faɗa. A zamaninmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake zaune. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye Issufu, ƙanwar babanmu, Goggo Kulu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta goye shi ta tafi da shi gidanta. Ba nisa, darni ɗaya ne na kara tsakaninmu da ita. Can ya girma, can yake ci yake kwana, kowa a gari ɗan Kulu yake ce masa. In ta kama dole Inna ta ambace shi, sai ta ce “na Kulu.” Shi kuma in ya shigo gidanmu sai ya tsaya bakin zaure ya gaida iska, ita ta amsa wa bango. Haka na tashi na iske su, ban taɓa tambaya ba. Babanmu ya rasu ina da shekara goma sha bakwai, Baba Garba ƙanensa ya zama babba a gidan.

Issufu ba malami ba ne, ba shi da dukiya, kokowa ma sau da yawa ana kayar da shi ya tashi yana dariya yana kakkaɓe wando. Amma ban san mutumin da gari ya so kamarsa ba. In rufin ɗakin tsohuwa ya zube, shi ne a bisa. In jakin wani ya ɓata, shi zai bi sawu har wajen Malbaza ya dawo zaune bisa bayansa yana waƙar banza. Duk tsofaffin matan gari matansa ne na wasa, kullum yana sakin wannan yana mai da waccan. Ni kuwa tun ina yaro fuskata a murtuke take. Mutane sukan ce ciki ɗaya ya haife mu amma shi ya kwashe fara'ar duka ya bar mini kwanon.

Shekarar da nake faɗi tana cikin shekarun farin nan da ya kashe shanu. Ina da shekara goma sha tara. Bazara ta yi tsanani, rijiyar gabas, wadda gari duka ke sha, ta koma laka. Mata su jefa guga tun asuba su jawo rabinsa taɓo. Dattawa suka ce a yashe ta, a ƙara mata zurfi. Aikin samari ne, mutum ɗaya ya sauka da igiya a ƙugu da 'yar gajeriyar hauya, yana cika kwando ana jawowa, in ya gaji a fito da shi wani ya shiga. Kwana biyu muna yi ba ruwa. Rana ta uku da hantsi layi ya zo kan Issufu. Yana ɗaura igiya, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ake kira Tamu, tana zaune bisa tulunta, ta ce:

“Kai mijina, in ka shiga ka daɗe, aure zan yi.”

“Wa zai kwashe ki, Tamu? Haƙori biyu gare ki, ɗayan ma na aro ne.”

“Ja'iri. Kai dai hito mini da ruwa, in wanke bakin da nake zaginka da shi.”

“In na hito da shi mi za ki ba ni?”

“Saki uku.”

Aka yi dariya, ya sauka. Ni ne na farko a riƙon igiyar. Kwando shida muka jawo, na bakwai ya zo da yashi mai danshi, samari suka fara ihu. Sai muka ji wata ƙara kamar an kifar da rumbu, ƙura ta taso daga ramin, igiyar ta yi tauri a hannuna ta ƙi motsi. Gefen rijiyar ne na can ƙasa ya zabtare. Ban jira shawarar kowa ba, na sa aka ɗaura mini wata igiya na shiga. Na iske shi da sauran rai, ƙasa ta binne shi har ƙirji, wani dutse ya danne shi. Da hannu na tone shi. Kafin a jawo mu sama ya cika.

Gidan Goggo Kulu aka kai shi, don ɗanta ne a idon kowa. Can aka yi masa wanka, can aka sa shi a likkafani, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ban taɓa ganin garinmu haka ba, kuma ban sake gani ba. Maƙeri ya kashe wutarsa. Mahauci da ya riga ya ɗaure akuya ya kwance ta. 'Yan mata suka daina fita dandali, makaɗi ya rataye gangarsa har arba'in ba wanda ya ce masa ya rataye. Wata Bafilatana mai kawo nono ta shigo gari da la'asar ba ta sani ba, da aka gaya mata ta sauke ƙwaryarta a tsakiyar hanya ta zauna tana kuka, ta ce shi kaɗai ne yake sauke mata kaya ba ta roƙa ba. Mutanen ƙauyukan kewaye suka yi ta zuwa a ƙafa da bisa jakuna, cikin yunwar nan, kowa da ɗan abin da ya samu, wani ƙwaryar hatsi, wani kuka, wani hannu kawai. Tamu kuwa ta daina magana. Kwana uku tana zaune jikin darnin Goggo Kulu, in an ba ta fura ta kau da kai. Da ta buɗe baki cewa ta yi:

“Ni na ce ya hito mini da ruwa. Ni na aike shi.”

Liman da kansa ya tsuguna gabanta yana ba ta haƙuri, yana ce mata kwana ne ya ƙare.

Maza suna zaman makoki a ƙofar gida tare da Baba Garba. Mata suna ciki, an shimfiɗa wa Goggo Kulu tabarma a inuwa, tana kuka ana riƙe ta. Inna fa? Inna tana bakin turmi. Baƙi sun cika gida biyu, dole a daka, dole a dafa. Tun ranar farko ta ɗaura zanenta ta kama taɓarya. Ina zaune a zaure ina ganin matan da ke shigowa. Kowace ta biyo ta gaban Inna sai ta ce, “Dije, sannu da aiki,” ta amsa, “Sannunku da zuwa,” su wuce ta ƙofar darni su durƙusa gaban Goggo Kulu su ce, “Sannu da haƙuri, Allah shi jiƙan shi.” Ba mugunta suke yi ba. A ganinsu in sun yi wa Inna ta'aziyyar ɗan fari sun kunyata ta, sun tilasta mata ta nuna abin da ta shekara ashirin da huɗu tana rufewa. Gari guda, da liman da dattawa da masu hankali, ba wanda ya ce wa matar da ta haife shi sannu da haƙuri. Ni ma ban ce ba. Ni kallonta kawai nake yi ina jiran in ga ta fashe, ita kuwa tana tankaɗe.

A kwana na huɗu maza suka koma suka kwashe ƙasar da ta zube, suka tokare gefen da itace, don ba yadda za a yi, mata sun gaji da tafiyar rabin yini neman ruwa. Ruwa ya taru, mai kyau, mai sanyi. Amma ba macen da ta iya jefa guga. Sai su zo da tuluna su tsaya nesa su koma. Washegari da sassafe aka ga Inna ta ɗauki tulu da guga ta nufi gabas ita kaɗai. Ita ta fara ɗiba. Kuma daga ranar kullum ita ce ta farko, ta daɗe can, ta dawo ta sauke tulu ta kama aiki. Wannan ne ya ƙarasa ni. Ni da na shiga ramin, ko hanyar ba na iya bi.

Ranar sadakar bakwai mata sun cika tsakar gidanmu ana dakan gumba. Inna ta shigo da tulu a kai. Ban san lokacin da na miƙe na tare ta ba. A gaban matan nan duka na ce:

“Inna, ke wai wace irin mace ce? Ɗanki ya mutu a ramin can, ke kin fi kowa sammakon ɗibar ruwansa. Kwana bakwai ko ɗigon hawaye ban gani ba. Akuya ma in an yanka ɗanta tana yini kuka.”

Taɓare suka tsaya. Inna ta sauke tulun a hankali, ta cire gammo, ba ta kalle ni ba. Ta ce:

“Sa'idu, matsa, ka taka mini faifai.”

Na matsa. Na shiga ɗaki na naɗe rigata ɗaya da bargo, na fita ban yi wa kowa sallama ba. Malbaza na tafi, inda ake siminti, na shiga cikin masu dakon buhuna ana loda wa manyan motoci. Wata guda na yi can, fari fat kamar an tono ni, ina ɗaukar buhu ina jin daɗin nauyinsa don yana hana ni tunani. Ina ganin ni ne mai gaskiya, ni kaɗai na so Issufu a gidanmu. Ban tuna cewa na bar mace ita ɗaya, mijinta ya mutu, ɗa ɗaya a ƙasa, ɗayan ya zage ta ya gudu ba. Kuma maganar da na yi ba ta tsaya a tsakar gida ba. Matan da suka ji sun kai ta gidajensu, daga nan ta shiga kasuwar Illela. Su da a da suke yabon kunyar Dije, suka koma cewa ai ɗan cikinta ma ya faɗa. Daga baya na bi gida gida ina cewa ƙarya na yi, haukan baƙin ciki ne. Suka ce Allah sarki, yaro yana rufa wa uwarsa asiri. Mutanen garinmu ke nan. Mugun abu sau ɗaya suke ji su riƙe, gyaransa kuwa ko ka shekara kana faɗa kunnensu a toshe yake.

Ana saura kwana biyu arba'in Baba Garba ya aiko wani ɗan garinmu ya ce in ban zo ba kada in sake zuwa. Na zo. An yi ruwan farko, ƙasa ta yi laushi, mutane suna shirin shuka. Ban shiga gidanmu ba, na shiga na Goggo Kulu. Na iske ta ta rame, tana zaune bakin ɗakin Issufu. Na gaishe ta, ba ta amsa gaisuwar ba.

“Zauna nan, mai bakin wuƙa,” ta ce. “Furar da ɗan'uwanka yake sha kullum da rana, wa kake tsammani yake dama ta?”

“Ke mana, Goggo.”

“Ni? Ka taɓa shan furata ka ƙare? Ni ban iya fura ba, gari duka ya sani. Uwarka ce. Tun ran da na ɗauko shi har ran da ya shiga rijiya, kullum sai ta miƙo ƙoƙo ta bisa darnin wanga, a rufe da faifai, ta ce, Kulu ga ragowa. Ragowa! Shekara ashirin da biyu ana ragowa. Da ya yi ƙyanda yana ɗan shekara huɗu, kwana tara tana tsaye bayan karan nan cikin rana, ba ta shigo ba, sai dai ta ce, Kulu ya jikin ɗanki. In na ce da sauƙi ta tafi ta dawo. In na yi shiru ba ta motsawa.”

Na ce, “To rijiyar fa, Goggo? Mi ya kai ta?”

“Kai da ka yi lakwal ba ka da lissafi? Guga biyu ke cika tulunta. Guga biyu ne zai riƙe mace tun fitowar rana har hantsi? Ina za ta yi kukan? A ɗaki baƙi, a tsakar gida baƙi, a bayan gida ma sai an ji. Can kaɗai za ta sunkuya ta ba duniya baya, in ta ɗago ta wanke fuska a ce zufa ce. Kuma nan ne wurin da ya ƙare. Kai an bar ka ka bi shi har kushewa. Ita ina aka bar ta ta je?”

Goggo Kulu ta share ido da bakin zane, ta ce:

“Ni ma na ci haƙƙinta. Kwana bakwai ina bisa tabarma ina karɓar gaisuwar da ba tawa ni kaɗai ba ce, ina jin ƙarar taɓaryarta, ban ce a je a kira ta ba. Na ji daɗin a ce ɗana ne. Allah shi yafe mini. Ni na tsufa, in na je yanzu kunya za ta hana ta amsa mini. Kai da ba ka da kunya, tashi ka je.”

Na bi ta ƙofar darni. Inna tana cikin ɗakinta, bakin ƙofa, da faifai bisa cinya tana tsince irin wake, tana ware masu huji. Ta ji shigowata ba ta ɗago ba. Na daɗe a tsaye ina neman yadda ake neman gafara, ban samu ba, don ban taɓa koya ba. Sai na yi abin da na ga baƙi suna yi. Na tuɓe takalmana, na durƙusa daga waje, na ce:

“Inna, sannu da haƙuri. Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta.”

Hannunta ya tsaya cikin waken.

“Amin,” ta ce. Muryar ba tata ba ce.

Can ta ce, tana kallon faifan, “An ce kai ka shiga ka ɗauko shi.”

“Ni ne.”

“Ka iske shi da rai?”

Kwana arba'in, ba wanda ya gaya mata ko wannan. Na ce na iske shi da rai.

“Ya yi magana?”

“Ya yi. Ya ce, Sa'idu, ina jin sanyi a ƙafafuna, ruwa ya hito, ka gaya musu. Sai ya yi shahada. Bai daɗe ba, Inna.”

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa an kai saƙo. Ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya tana juya ta a yatsa. Sannan ta yi mini tambayar da har in mutu ba za ta bar ni ba.

“Ni ƙeyarsa na sani, da tafiyarsa. Sai ya ba da baya nake kallo. Da ya zama mutum, da wa ya yi kama? Kulu ta ce da babanku.”

“Goggo son kai ne ya sa ta faɗi haka, don ɗan'uwanta ne. Da ke ya yi kama, Inna. Idon, da goshin. Har wushiryar.”

Ta kai yatsa ta taɓa haƙoranta na gaba. Faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse a ƙasa, ba ta bi shi ba. Ta jawo mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Daga cikin mayafin ta ce:

“Sakar mini asabarin.”

Na saki asabarin ya rufe ƙofar. Na zauna a ƙasa na ba ɗakin baya. Ina jinta, ba da ƙarfi ba, kamar mai tsoron tada wani daga barci. Na tsince waken da ya gangaro waje ɗaya ɗaya ina tarawa a hulata. Ba a jima ba wata maƙwabciya ta yi sallama, ta zo aron rariya don aikin sadakar gobe. Ta nufi ɗakin kai tsaye. Na miƙe na tare ta.

“Inna tana hutawa,” na ce. “Ki dawo da la'asar.”